Yadda ake rubuta labarin tafiyar zuci a jarrabawar insha'i

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗaliba ce 'yar ajin ƙarshe a wata sakandare a Gombe. Malaminmu na Hausa ya ce a jarrabawar gwaji da za mu yi kafin WAEC za a ba mu ƙagaggen labari a kan "tafiyar zuci", wato yadda mutum yake sauyawa a cikin ransa. Kalmomi kamar 400 ake so, cikin minti 45. Na gwada sau biyu a gida, duka biyun sai rubutun ya koma wa'azi. Ta ina zan kama?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yata. Kin riga kin gano inda ciwon yake, tunda har kika lura rubutun yana komawa wa'azi. Abin da ke jawo haka shi ne, abin da ke gudana a zuci ido ba ya ganinsa, shi kuwa labari da abin da ake gani ake kuma ji yake tafiya. Ɗalibi in ya rasa abin da zai nuna, sai ya hau faɗa: "Na gane haƙuri yana da kyau, na gane girman kai ba shi da amfani." Maganar gaskiya ce, amma mai duba takarda labari aka ce ya duba, kuma a nan babu wanda ya yi komai.

Maganin abin ƙarami ne. Ki nemo aiki guda ɗaya wanda tauraruwar labarinki ta kasa yi a sakin layi na farko, amma ta yi shi a na ƙarshe. Gaisuwar da aka daɗe ba a yi ba, sunan da baki ya ƙi kira, canjin da aka ɓoye aka mayar, kwanon da aka ƙi sa hannu a ciki. Tazarar da ke tsakanin "ta ƙi" da "ta yi" ita ce tafiyar da ake tambayarki. Idan kin samu wannan aikin, kin samu labari. Idan ba ki samu ba, kada ki fara rubutu tukuna, domin duk abin da za ki zuba nasiha zai zama.

Kafin ki rubuta jimla ko ɗaya, ki ɗauki minti 6 ko 7 ki amsa wa kanki tambayoyi uku a takardar gefe, kowace amsa layi ɗaya. Me ta sa a ranta tun farko? Me ta gani da ya girgiza wannan tunanin? Me ta yi da hannunta ko bakinta daga ƙarshe? Ga misalin da za mu bi har ƙarshen wannan amsa: yarinya ce mahaifiyarta ta rasu, ta sa a ranta matar babanta ce ta sayar da kwanukan mahaifiyar, don haka shekara uku ba ta kira ta da kowane suna ba. Sai ta ga kwanukan a ajiye. Daga ƙarshe ta kira ta da sunan da kowa ke kiran ta a gidan. Shi ke nan labarin, ba ƙari.

Kada ki raina ƙanƙantarsa. Kalmomi 400 ba su da yawa ko kaɗan. Yawancin ɗalibai suna rubuta kalmomi 8 zuwa 10 a layi ɗaya na takardar amsa, ke nan duk labarin layi 40 zuwa 50 ne, shafi ɗaya da rabi ko biyu. Ko gajerun labaran da ake aikawa gasar Hikayata ta BBC Hausa, wadda aka fara a 2016, sun ninka wannan tsawo. A irin wannan ɗan fili ba a noma rayuwar mutum tun daga haihuwa. Ki tsaya a kan lokaci ɗaya da bai wuce wuni ba, wuri ɗaya ko biyu, mutum biyu, in sun yi yawa uku. Ɗalibar da ta shigo da kishiyoyi huɗu da ƙawaye da malamin makaranta, za ta ƙarar da rabin kalmominta wajen bayanin wane ne wane.

Ga yadda za ki raba kalmomin: buɗewa 50, dalilin gabar 70, abin da ta gano 90, kai-kawon zuci 120, rufewa 70. Ki lura kai-kawon ne ya fi samun kaso, zan dawo kansa.

Buɗewa tukuna. Mafi yawan takardu da irin wannan suke farawa: "Sunana wance, an haife ni a garin Gombe, mu takwas ne a gidanmu. Rayuwa cike take da darussa iri-iri." Kalmomi kusan 20 sun tafi, ba a san abin da ke damun kowa ba. Wasu kuma "Ga ta nan ga ta nanku" suke sawa, alhali ba tatsuniya aka tambaya ba. Ki kwatanta da wannan:

"Kowa a gidanmu Umma yake ce wa matar Baba, ban da ni. Shekara uku ke nan, in zan yi mata magana sai in tsaya bakin ƙofa in ce, 'Wai an ce a ba da gishiri.' Ranar Talatar da aka kwantar da ita a asibiti, ni Baba ya ce in kai kunu."

A cikin jimla uku an san mutanen, an san gabar, an ga yadda gabar take fita a baki, an kuma sa yarinyar a hanya. Babu inda aka ce "na tsane ta". Wannan "wai an ce" ɗin ya isar da saƙon, domin duk wanda ya tashi a gidan yawa ya san mai magana da "wai" a bakin ƙofa ba lafiya ba.

Dalilin gabar a gajarce ake ba da shi, kuma da abu mai kama hannu: tun bayan sadakar arba'in kwanukan Inna suka ɓace daga ɗaki, ba ta tambaya ba, ba a kuma yi mata bayani ba. In za ki koma baya ki tuno wani abu, sau ɗaya ya isa, kuma kada ya wuce layi huɗu. Ki shiga da "Na tuna ranar da", ki fito da wani abu na yanzu, kamar muryar Baba yana cewa ta yi sauri. Wanda ya koma baya sau uku a labarin kalmomi 400, shi da mai karatu duka ɓata suke yi.

Sai abin da ta gano. A nan ne ake so ki matso da ido kusa, ki ƙirga, ki taɓa:

"Na durƙusa ina laluben filas a ƙarƙashin gadonta, hannuna ya ci karo da buhu. Na jawo shi. Kwanukan Inna ne, samira shida da fanteka biyu, a wanke tas, an sa tsohuwar jarida tsakanin kowane biyu don kada su karce juna. A jikin buhun an rubuta sunana da biro, harafi ɗaya ya juya baya."

Jaridar nan da harafin da ya juya baya su ne suka ɗauki nauyin labarin. Jaridar ta nuna wanda ya ajiye kayan ya damu da su. Harafin ya nuna matar ba ta yi nisa a boko ba, amma ta zauna ta yi fama da biro saboda yarinyar da ba ta gaishe ta. Kada ki bi bayansu da fassara. Da zarar kin ƙara "a nan na gane ashe tana ƙaunata", kin ƙwace wa mai karatu abin da ya riga ya gano da kansa, kin kuma ɓarar da kalmomi bakwai.

Yanzu kai-kawon. Wannan ne wurin da ɗalibai suka fi tsallakewa, kuma shi ne ainihin tafiyar. Suna sa yarinya ta ga kwanuka, nan take ta fashe da kuka, ta ruga neman gafara. Zuciyar mutum ba ta saki da sauri haka. Wanda ya riƙe abu shekara uku, ko gaskiya ta tsaya a gabansa sai ya nemi hanyar kauce mata, saboda yarda da ita na nufin shi ne ya yi zalunci duk tsawon lokacin. Hausa ta riga ta ba ki kayan aikin nuna wannan: "wata zuciyar ta ce", "wata kuma ta ce". Ki sa zukatan biyu su yi ja-in-ja, amma kowace ta kawo hujja daga cikin labarin, ba daga littafin nasiha ba:

"A cikin Keke Napep na rungume filas ɗin a cinya. Wata zuciyar ta ce ai don kada Baba ya yi magana ta ajiye su. Wata ta ce to jaridar fa, ita ma don Baba aka sa? Na juya ina kallon masu lemo a bakin titi. Da muka zo kwanar asibitin na kusa ce wa mai keken ya wuce."

Ki ga amfanin hanya a nan. Tafiyar ƙafa ko ta mota tana ba tafiyar zuci wurin rataya: a tashi da tunani ɗaya, a tsakiya ya fara rawa, a isa da wani. Daga Pantami zuwa cikin gari a keke ya isa. In kina son hanya mai ɗan tsawo, ga ta Gombe zuwa Bauchi, a wuce Alkaleri, a haye gadar Dindima. Ɗalibin Bauchi kuma yana da ta Azare, ta Darazo da mararrabar Kari da Misau. Sai dai zango biyu kawai za ki ambata, kowanne kuma ya zo daidai da wani motsi a ran yarinyar. In kika jera garuruwa shida da abin da ake sayarwa a kowanne, kin koma insha'in bayanin tafiya, an bar zuciyar a tasha. Kuma ki rubuta hanyar da kika taɓa bi. Mai rubuta tafiyar jirgin sama zuwa Dubai alhali bai taɓa shiga ba, duk bayaninsa "mai kyau" da "mai ban sha'awa" ne, don ba shi da abin da ya gani. Wadda ta san yadda ƙurar hunturu ke kwanciya a gira, ko yadda ake matse mutum huɗu a bayan ƙaramar mota, ta fi shi jari.

Rufewa ita ce aikin nan da kika zaɓa tun farko:

"Na tarar ta juya fuska bango. Na zuba kunun a kofi, na hura, na tsaya riƙe da shi har yatsuna suka fara zafi. Sannan na ce, 'Umma, tashi ki sha tun bai huce ba.' Ba ta juyo nan da nan ba. Na dai ga ta ja gefen mayafi ta kai fuska."

A nan za ki ajiye biro. Hannunki zai yi ta ƙaiƙayin ƙara "Don haka ina kira ga 'yan'uwana mata", ki hana shi.

Akwai hanyoyi uku na gudun wahala da masu duba takarda sun gaji da gani. Ta farko ita ce "sai na farka, ashe mafarki nake yi". Wannan tana rushe duk abin da aka gina, domin in mafarki ne to babu abin da ya sauya. Ta biyu haɗarin mota ko mutuwar farat ɗaya, a kashe mutum don a samu nadama. Mutuwa ta fi ƙarfin layi 45, kuma sauyin da tsoro ya kawo ba tafiya ba ce, turi ne. Ta uku, wadda nake zargin ita ce ta kama ki, dattijon da ake haɗuwa da shi a mota ko a gindin bishiya, ya buɗe baki ya yi nasiha ta layi goma, yarinya ta ce "gaskiya ne Baba" ta shiryu. Wa'azin ne dai aka sa masa rawani. In har wani zai yi magana, ya faɗi abu ɗaya gajere, zai fi kyau ma in bai san abin da maganarsa ta taɓa ba, kamar mai keken ya ce, "Mamanki ce ba lafiya?" ita kuma ta rasa amsa.

Haka nan ki yi hattara da jimlolin da kowa ke ara: gabana ya faɗi, jikina ya yi sanyi, hawaye suka wanke mini fuska, zuciyata ta yi baƙi ƙirin. Hausa ce mai kyau, amma in suka taru huɗu a shafi ɗaya ba sa nuna komai. Ɗaya ta isa. Sauran wuraren ki tambayi kanki me hannun yarinyar yake yi, ina take kallo, me ta fasa faɗa. Karin magana ma haka: ɗaya, ko biyu in sun zauna daram, kuma sun fi daɗi a bakin wani cikin labarin. Masu tunanin yawan karin magana ne ke kawo maki sukan jera biyar a sakin layi ɗaya, har wasu su saɓa wa juna.

Sai batun harshe, inda maki ke zuba ba a ji ba. A insha'in Turanci na WAEC, wanda ake neman kalmomi 450, maki 50 ne: 10 na ƙunshiya, 10 na tsari, 20 na sarrafa harshe, 10 na ƙa'idojin rubutu, kuma a wannan na ƙarshen kowane kuskure rabin maki yake ci. Malamin Hausa ma idonsa a kan waɗannan abubuwa huɗu yake, don haka labari mai daɗi da rubutu mai datti ba ya kai inda ya kamata.

In kin fara da "na", ki ƙare da "na". Da yawa sukan fara "na shiga ɗaki", a tsakiya sai ka ga "ta fito tana kuka", alhali mutum ɗaya ake nufi. Ga tafiyar zuci, "na" ya fi sauƙi, don yana ba ki izinin shiga ran yarinyar kai tsaye. Amma yana da sharaɗi: ba za ki faɗi abin da ke ran matar uban ba, sai abin da aka gani ta yi.

Lokacin aikatau ma yana kama mutane. Jerin abubuwan da suka faru a labari da "muka, suka, aka" ake tafiyar da shi, abin da littattafan nahawu ke kira shuɗaɗɗen lokaci na biyu. "Mun hau keke, mun bi ta kasuwa, mun iso" rahoto ne. "Muka hau keke, muka bi ta kasuwa, muka iso" shi ne labari. "Mun, sun, an" kuma ki bar su ga abin da ya riga ya faru kafin a zo wurin, kamar "na tarar an share tsakar gida". Kuskuren ba ya fitowa a "na" da "ya" da "ta", don a rubuce kamarsu ɗaya a lokutan biyu. A jam'i yake tona kansa, to can za ki duba.

Ga wanda ya tashi a Gombe ko Bauchi akwai wani tarko na musamman. A maganarmu ta yau da kullum mukan ce "motan Baba", "rigan makaranta", "hanyan gida", mukan kuma ce "na kai kunu wa Umma". Jarrabawa daidaitacciyar Hausa take nema: motar Baba, rigar makaranta, hanyar gida, na kai wa Umma kunu. Duk sunan mace ki duba ƙarshensa da lamirin da ya bi shi, "motar ta tsaya" ba "motan ya tsaya" ba. Haka "na sayi lemo, na saye shi, shi na saya", kowanne da wurinsa. A cikin alamar zancen wani kina iya barin mutum ya yi magana yadda ake yi a unguwa, amma kaɗan, kuma ya fito fili da gangan aka yi.

Haruffa masu lanƙwasa ki ba su haƙƙinsu, ƙugiyar ta fito sosai: baki daban baƙi daban, fada daban faɗa daban, kafa daban ƙafa daban. Rabe kalmomi kuwa shi ne ya fi cin rabin maki a labari, saboda labari cike yake da "ya ce" da "ta yi". "Ta ce" magana ce, "tace" ta kamu ce da rariya. "Ya yi" aiki ne, "yayi" na atamfa ne. "Ta fi" ba "tafi" ba ce, "a kan tebur" ba "akan yi" ba ne. Ana raba "shi ne", "za ta", "ba ta", ana haɗa "yana", "takan", "gidanmu". Rubutun WhatsApp irin su "xan", "wlh", "ngd" kada ko ɗaya ya biyo ki ɗakin jarrabawa. Duk sanda mai magana ya sauya, a sauka sabon layi.

Wani abu kuma da ya kamata ki shirya masa: ba lallai taken ya zo da kalmar "tafiyar zuci" ba. Ana iya cewa a rubuta labarin da ya dace da "Zato zunubi" ko "Da na sani ƙeya ce", ko wanda zai ƙare da wata jimla da aka bayar. Shi ya sa haddace insha'i gaba ɗaya ke cutarwa: mai hadda yakan zuba abin da ya zo da shi ko ya dace ko bai dace ba, sai ya liƙa karin maganar a ƙarshe kamar faci. Ki riƙe ƙashin labarin kawai, amsoshin nan uku da abin da aka gano, sannan ki karkata shi. Labarin kwanukan nan yana shiga "Zato zunubi" ba tare da an taɓa shi ba. In "Da na sani" aka bayar, sai ki ƙara wa shekaru ukun nauyi, ki nuna abin da gabar ta ci. In kuwa an ba da jimlar rufewa, dole ita ce ta ƙarshe, harafi da harafi, kuma tun a takardar gefe za ki san bakin wa za ta fito.

Minti 45 ɗin ki raba su haka: 7 na shiri, 30 na rubutu, 8 na bita. Kada ki yi rubutun gwaji cikakke da niyyar kwafewa, lokaci ba zai kai ba. Wajen ƙirga kalmomi, ki ƙirga na layi uku, ki raba uku, ki ninka da yawan layukan. Ki yi wannan tun a gida don ki san layi nawa ne 400 a rubutun hannunki, ranar jarrabawa layi kawai za ki ƙirga. Bita sau biyu ake yi: karatun farko don ganin ko aikin ƙarshe ya amsa na farko, na biyu kuma daga jimlar ƙarshe zuwa sama, kina duba ƙugiya da rabe kalmomi da jinsi kawai, don ido ba ya ganin kuskure in yana bin daɗin labari.

Gwaji biyun nan da kika ce sun koma wa'azi, kada ki yar da su. Ki ɗauko ɗaya, ki ja layi a ƙarƙashin duk jimlar da ta fara da "na gane", "ya kamata" ko "lallai". A gefen kowace ki rubuta abin da mutum zai yi da hannu ko baki in da gaske ya gane hakan. A cikinsu ki zaɓi wanda ya fi ƙanƙanta, ki sa shi a sakin layi na ƙarshe, sannan ki koma sama ki rubuta ranar da ta kasa yin sa. Ki sa agogo a gabanki, ki kai wa malaminku ya duba da jan biro kafin ranar gwajin.